Symbian, BlackBerry, Windows Phone da sauransu: rashin kyau ne ya kashe su ko rashin riƙon amana?

Tsohon Hannu:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Yau duk wayar zamani da ka ɗaga, ko Android ce ko iPhone, har yaran da suka taso yanzu suna zaton haka abin ya faro. Alhali daga 2007 zuwa 2013 manyan manhajoji da dama ne ke gogayya a kasuwa lokaci guda. Akwai Symbian, akwai BlackBerry, akwai Windows Mobile da magajiyarta Windows Phone, ga webOS ta Palm, ga MeeGo, ga Bada ta Samsung. Duk sun kau daga wayoyi.

Ina so mu zauna mu auna su tsakani da Allah, kowace a faɗi inda ta yi zarra da inda ta gaza. Nawa ra'ayin tun farko shi ne, babu wadda rashin kyau kaɗai ya kashe. Kowace ta fara mutuwa ne ranar da masu ita suka nuna wa mai sayen waya da mai rubuta manhaja cewa ba za a iya dogara da su ba.

Bari in fara da Symbian, don ita na fi sani. Asalinta EPOC ce ta kamfanin Psion na Ingila, wadda aka yi wa ƙananan kwamfutocin aljihu masu aiki da batir ɗan kaɗan. A 1998 Psion da Nokia da Ericsson da Motorola suka haɗa hannu suka kafa kamfanin Symbian. Wannan asalin ne ya ba ta tsimi. Ku dubi Nokia N95 ta 2007: kyamara megafiksel 5, GPS, Wi-Fi, kiran bidiyo da kyamarar gaba, duk a kan ram megabait 64. Ka danne maɓallin menu ka riƙe, sai jerin manhajojin da ke buɗe su fito, ka tsallaka daga wannan zuwa waccan ba tare da ɗaya ta rufe ba. iPhone ɗin da ta fito a shekarar ko manhajar waje ba a ɗora mata sai 2008, barin manhajoji suna aiki a baya kuwa sai 2010. E71 kuma da batir 1500 take kwana biyu tana aiki ba ka nemi caja ba. Wace waya ce yau za ta yi maka haka da batir irin wannan?

Mai Gyara:
Wa alaikumus salam Malam. Batun tsimin batir babu musu. Ka ƙara da N8 ta 2010: kyamara megafiksel 12 da filashin zenon, wurin jona HDMI, ka saka mata filash ta karanta, har rediyon mota take aika wa waƙa ta FM. Sannan 808 PureView ta 2012 mai megafiksel 41, wadda ita ce Symbian ta ƙarshe da Nokia suka fitar. A ƙarfe dai Nokia ba su da na biyu.

Amma a manhaja, Malam, mu faɗi gaskiya. Don ka canja hanyar da waya ke shiga intanet sai ka ratsa menu cikin menu, kuma kowace manhaja sai ta sake tambayarka da wace hanya za ta shiga. Da aka zo zamanin shafa allo, ba su sake gini ba, sai suka ɗauki S60, wato fuskar Symbian ta Nokia da aka yi wa maɓallai, suka shimfiɗa a kan allo. Shi ya sa a 5800 da N97 wani wuri taɓawa ɗaya ke buɗe abu, wani wuri sai biyu. Allon ma irin wanda sai ka danna da farce ko tsinke ne. N97 ita ce aka fitar a 2009 don ta tari iPhone, amma ma'ajiyar da ake ɗora manhajoji a ciki 'yar mitsitsiya ce, nan da nan ta cika. Sai a zubin da ake kira Belle, ƙarshen 2011, Symbian ta yi daɗin shafawa, lokacin kuwa kasuwa ta riga ta watse.

Injiniya:
Yaya Tsohon Hannu, a kan Symbian ban yarda da kai ba, kuma zan faɗi dalili daga ɓangaren masu rubuta manhaja.

Symbian da C++ ake rubuta mata, amma irin nata na daban. Rubutu ma ba a ajiye shi yadda kowa ya saba, tana da nata tsarin mai nau'o'i da yawa da sai ka haddace. Duk abin da ka ware wa memori sai ka rubuta shi da hannunka a wani jerin sharewa, don in aiki ya katse a tsakiya kada memorin ya salwanta. Wannan tsaurin ne ya sa take aiki a ƙaramin ram, na yarda. Amma abin da mai rubuta wa iPhone ko Android zai gama a mako, kai sai ka daɗe kana fama. Sannan Symbian ba guda ɗaya ba ce. Akwai S60 ta Nokia, akwai UIQ ta Sony Ericsson da Motorola, akwai wadda ake yi wa kasuwar Japan, kuma manhajar wannan ba ta hawa waccan. A cikin S60 ɗin ma, da aka fito da zubi na uku a wayoyin 2006, duk manhajojin zubi na biyu suka daina aiki.

Daga nan aka kawo dokar satifiket. Manhaja ba za ta taɓa wasu sassan waya ba sai an sa mata hannu. Duk wanda ya riƙe N73 ko E63 ya san wannan: ka sauke fayil ɗin manhaja, wato sis, ka danna, ya fara hawa, sai waya ta ce satifiket ya ƙare aiki. Sai ka shiga agogo ka mayar da kwanan wata baya da shekara ɗaya ko biyu, ka ɗora, ka dawo ka gyara kwanan watan. An yi dokar ne da kyakkyawar niyya, don tun 2004 ƙwayar cutar Cabir ta nuna ana iya yaɗa ɓarna ta Bluetooth. Amma wahalar a kan mai waya da ƙaramin mai rubuta manhaja ta faɗa.

Saboda haka ni a wurina Symbian tsufa ta yi. Ko da ba a sanar da komai a 2011 ba, da ƙyar ta kai labari.

Tsohon Hannu:
Injiniya, ai ka taya ni hujja ba ka sani ba. Karya manhajojin zubi na biyu da ka ambata, shi ne irin abin da nake nufi. Kuma Nokia sun san ciwon, har sun nemo magani. A 2008 suka sayi kamfanin Trolltech masu Qt, wani kayan aikin rubuta manhaja, suka ce wa masu rubuta manhaja: ku koyi Qt, abin da kuka rubuta zai hau Symbian yau, ya hau MeeGo gobe. Mutane suka yarda, suka koya. Sai ga Fabrairu 2011, shugaban kamfanin Stephen Elop ya rubuta wa ma'aikata takardar nan da ya kwatanta Nokia da dandalin haƙar mai da ke cin wuta, ranar 11 ga wata kuma ya tsaya da shugaban Microsoft na lokacin, Steve Ballmer, suka sanar cewa Windows Phone za a koma. Qt ba ta hawa Windows Phone. Wayar Lumia ta farko kuma, wato Nokia mai Windows Phone, ba ta fito ba sai ƙarshen shekarar. Wata tara kenan kana sayar da wayar da kai da bakinka ka ce kwananta ya ƙare, ba ka da wata a hannu. Wane dillali ne zai cika shagonsa da ita?

Injiniya:
Gaskiya ne sanarwar ta gaggauta faɗuwar. Amma ka tuna tun a watanni ukun ƙarshe na 2010 wasu masu ƙididdigar kasuwa suka nuna Android ta wuce Symbian a yawan wayoyin da aka fitar. Gangarar ta riga takardar.

Uwar Biyu:
Salamu alaikum. Na ga maza sun tsaya a kan Nokia kamar ita kaɗai aka yi. Ni BlackBerry zan kare, kuma ba don ƙawa ba.

BlackBerry waya ce da aka yi don rubutu, kuma har yau ban ga wadda ta kamo ta a nan ba. Maɓallan Bold an ɗan karkata kowanne yadda babban yatsa zai gane shi ba tare da ido ya duba ba. Ka danne harafi ka riƙe ya zama babba. Ka buga tazara sau biyu ta saka maka aya ta fara sabuwar jimla. Kana cikin dogon imel ka danna T ka koma sama, ka danna B ka sauka ƙasa. Ga 'yar fitilar nan ja da ke ƙiftawa a saman waya, daga nesa ka san saƙo ya shigo ba sai ka ɗaga ta ba.

Abu na biyu, data. A lokacin duk imel da shafukan intanet sai sun bi ta sabar kamfanin RIM, masu BlackBerry, an matse su kafin su iso waya. Shi ya sa ko sabis ya yi rauni saƙo yana shiga, kuma imel yana faɗowa nan take a lokacin da sauran wayoyi sai sun je sun duba.

Na uku, BBM, manhajar hirar BlackBerry. Tun 2005 aka fito da ita. Ba ka ba mutum lambar wayarka, PIN mai alamomi takwas kake ba shi, kuma ba zai iya yi maka magana ba sai ka amince. Harafin D ya nuna saƙo ya isa, R ya nuna an karanta. WhatsApp ba ta zo ba sai 2009, alamar an karanta kuwa sai 2014 ta saka. Mu mata musamman mun san darajar a ce ba kowa ke da lambarki ba.

Mai Gyara:
Hajiya, duk abin da kika faɗa haka yake. Amma ki bari in kawo ɗaya gefen. Tsohuwar manhajar BlackBerry a kan Java aka gina ta, kuma manhajoji ba sa hawa katin memori, sai 'yar ma'ajiyar cikin waya. Ka goge manhaja ko ka sabunta ta, sau da yawa sai waya ta nemi a kashe a kunna, kunnawar kuma mintoci take ci. Cire batir a mayar har ya zama maganin da kowa ya sani in ɗan agogon jira ya tsaya a allo yana juyawa. Burauzarta ba ta zama abin kirki ba sai zubi na 6 a 2010. Storm ta 2008 kuwa, wadda duk allon ke dannuwa kamar maɓalli guda, ita ce amsarsu ta farko ga iPhone, kuma ba ta yi musu daɗi ba.

Sannan wannan sabar da ke matse data, ita ce kuma maƙogwaronsu. A Oktoba 2011 ta samu matsala, aka yi kwanaki BBM da imel ba sa tafiya, daga Turai da Gabas ta Tsakiya da Afirka har abin ya kai Amurka. Ranar mutane suka gane cewa wayar da ke hannunsu rabi ce, ɗaya rabin yana wurin kamfani.

Injiniya:
In ƙara a kan batun tsaro, don ana yawan cakuɗa shi. BlackBerry iri biyu ce. Ta ma'aikatu da gwamnatoci tana bi ta sabar da ma'aikatar ke riƙe da makullinta, wannan kam tana da tsauri, shi ya sa a 2010 ƙasashe irin su Indiya da Saudiyya da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa suka yi barazanar toshe ta. Amma BBM ta gama-gari makulli guda ne a cikin dukkan wayoyin duniya. Ba irin rufin da ake yi yau ba ne, wanda daga mai aikawa sai mai karɓa.

Uwar Biyu:
Na karɓi wannan, Injiniya. Amma ku yi adalci ga BlackBerry 10, don ita ta gyara kusan duk abin da Mai Gyara ya lissafa. A kan wata babbar manhaja mai suna QNX aka gina ta, wadda suka saya a 2010, kuma ba ta maƙalewa irin ta da. Hub kaɗai ya isa abin yabo. Imel, saƙon tes, BBM, kiran da ka rasa, duk a jeri guda, kuma kana cikin kowace manhaja ka ja yatsa daga ƙasa zuwa sama ka karkata dama, sai ka leƙa wanda ya aiko, ka fasa ka koma aikinka. Allon rubutun Z10 yana ɗora kalmar da yake zaton kana nema a kan harafin da za ka danna, ka cilla ta sama da yatsa ta shiga jimla. Passport ta 2014 maɓallanta ma suna jin shafa, kana gungura shafi a kansu.

Abin da ya ci ta lokaci ne. An sa rai da ita a 2012, ba ta fito ba sai 30 ga Janairu 2013. Kafin nan sun fitar da kwamfutar hannu PlayBook a 2011 babu manhajar imel a cikinta, kamfanin da imel ne sunansa. A 2013 ɗin sai da suka rubuta asarar kusan dala biliyan ɗaya, akasari a kan Z10 da ba a saya ba. BBM ma ba su sake ta ga Android da iPhone ba sai Oktoba 2013. Da sun yi haka tun 2010, da wataƙila yau ita muke amfani da ita.

Ɗan Auta:
Yayye, ku yi haƙuri da tambayar yaro. Na ji an ce BlackBerry 10 tana ɗaukar manhajojin Android. To in haka ne me ya hana ta rayuwa, tunda rashin manhajoji ne matsalar?

Injiniya:
Tambaya ce mai kyau, ƙanena. Tana ɗauka, amma ta wani ɗaki da aka gina a cikinta mai kwaikwayon Android, kuma ɗakin a Android 4.3 ya tsaya. Babu kuma hidimomin Google a ciki, alhali manhajoji da yawa da su suke aika sanarwa da nuna taswira. Sai manhaja ta hau amma rabinta ba ya aiki. Illa ta biyu ta fi wannan: mai rubuta manhaja ya ce tunda ta Android ɗina tana hawa ko yaya, don me zan ɓata lokaci in rubuta ta BlackBerry? A 2015 su da kansu suka fitar da Priv mai Android zalla.

Malamin Lissafi:
Ni Windows Phone ce ke min ciwo har yau, kuma ita ce babbar shaidar Malam Tsohon Hannu.

Ku fara da abin da ta iya. Lumia 520 ta 2013 ram ɗinta megabait 512 ne, ƙaramar waya ce ta masu ƙaramin ƙarfi, amma ka shafa allonta ka ga yana bin yatsa sumul. Android mai irin wannan ram a lokacin sai ka yi ta jira. Dalili shi ne Microsoft sun ƙayyade irin kayan da za a saka a waya, kuma sun hana kamfanoni cusa nasu kwalliyar a kan manhajar. Fuskar ma ba kwaikwayon kowa ba ce. Maimakon gumaka a jere, murabba'ai ne masu rai, na kalanda yana nuna taron da ke gabanka, na yanayi yana nuna zafin gari, na hotuna yana juya hotunanka. Rubutu manya, baƙin bango, babu tarkace. Na ga dattawan da Android ke ruɗawa sun riƙe Lumia sun gane ta a yini guda. Ga taswirar HERE da kake sauke ƙasa sukutum ka yi tafiya babu data. Ga kyamarar Lumia 1020 mai megafiksel 41, da manhajar da ke ba ka damar saita haske da nisa da hannunka.

To ku ƙirga sau nawa aka rushe gini. Windows Mobile ta daɗe tun zamanin Pocket PC a 2000, tana da dubban manhajoji. A 2010 aka fito da Windows Phone 7, ko ɗaya daga cikinsu ba ta hawa, kuma wayoyin da ke hannun mutane ba a sabunta su ba. Wannan ɗaya. Lumia 900 ta fito a Amurka a Afrilu 2012 da gagarumin talla, a watan Yuni aka sanar cewa Windows Phone 8 na zuwa kuma babu wayar 7 da za ta samu, sai dai a ba su 7.8 a share musu hawaye. Wata biyu kacal. Wannan biyu. Sannan aka ba masu Lumia fatan samun Windows 10, da ta zo a Maris 2016 aka bar 520 da 920 da 1020 da wasu da yawa a baya. Wannan uku. Mutumin da aka yi wa haka sau uku, da wane baki za ka ce ya sake saye?

Mai Gyara:
Malam, kada ka manta ita ma 7 ɗin da gurguwar ƙafa ta fito. Babu kwafa da liƙawa sai da aka yi sabuntawa a 2011. Ba ka tura fayil ta Bluetooth, ba ka jona ta da kwamfuta ka ga fayilolinka sai ta manhajar Zune. Wanda ya baro N8 ya koma Lumia 800 abubuwa da yawa ya rasa. Wurin tara sanarwa ma, wanda Android ke da shi tun 2008, sai a 8.1 ya zo a 2014.

Malamin Lissafi:
Haka ne, kuma sun gyara waɗannan a hankali. Abin da ba su iya gyarawa ba shi ne shagon manhajoji. Instagram ba ta zo ba sai ƙarshen 2013, ita ma ta gwaji. Snapchat ba ta taɓa zuwa ba. Google sun ƙi yi mata YouTube da Gmail da taswira na kirki, da Microsoft suka rubuta YouTube da kansu a 2013 sai Google suka toshe ta. Kuɗi kuwa an zuba. An sayi sashen wayoyin Nokia, cinikin ya kammala a Afrilu 2014, a Yuli 2015 aka rubuta asarar dala biliyan 7.6 a kansa. A Oktoba 2017 Joe Belfiore na Microsoft ya fito ya ce ba za a ƙara sabbin abubuwa ko sabbin wayoyi ba.

Injiniya:
A nan ne nake ganin hujjar Yaya ta yi ƙarfi, a nan kuma take da iyaka. Ku dubi Android ta farko. G1 ta 2008 ko allon rubutu na shafawa ba ta da shi sai 2009, kuma Android ba ta daina sarƙewa ba sai wajen 4.1 a 2012. A kyau, webOS da Windows Phone sun fi ta a lokacin. Amma manhajar da ka rubuta mata a 2009 ta ci gaba da hawa shekara da shekaru, ba a taɓa ce maka ka zubar ka sake daga farko ba. Wannan riƙon amana ne, na yarda.

Iyakar kuwa ita ce, Android kyauta ake ba kamfanoni, su gyara yadda suke so, alhali Microsoft kuɗin lasisi suke karɓa a kan kowace waya har zuwa 2014. Samsung da HTC da LG da Motorola da Sony da kamfanonin Sin duk suka taru a wuri guda. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Ƙaramin kamfanin manhaja yana iya ɗaukar ma'aikatan iPhone da na Android, na uku kuwa sai in ya ga jama'a. Jama'a kuma ba sa zuwa sai sun ga manhajoji. Ko da Microsoft ba su saɓa alkawari ko sau ɗaya ba, kujera ta uku ƙunci gare ta.

Tsohon Hannu:
To webOS fa, Injiniya? Ita ai ba a ma ba ta damar gwada kujerar ba.

Wanda bai taɓa riƙe Palm Pre ba zai yi mamakin jin cewa yadda yake sarrafa wayarsa yau, tun 2009 aka yi shi a can. Kowace manhaja da ke buɗe kati ce a allo, ka zame hagu ko dama ka zaɓa, ka cilla ta sama ta rufe. Ƙasan allo wurin shafa ne, ka ja yatsa ka koma baya. Sanarwa tana leƙowa a ƙasa ba ta katse maka aiki ba. Synergy tana haɗa lambobin mutum na Google da Facebook da na ofis su zama suna guda. Ka ɗora wayar a kan cajarta mai suna Touchstone ta yi caji babu igiya. iPhone ta ɗauki katunan a 2013, ta ɗauki shafar ƙasan allo a 2017. Matias Duarte da ya jagoranci zanen webOS ya koma Google a 2010, hannunsa ne a fuskar Android daga zubi na 3.

Rauninta a bayyane yake. Manhajojinta da harsunan shafukan intanet aka rubuta su, ƙarfen lokacin kuma bai kai ba, don haka tana da nauyin buɗewa. Jikin Pre roba ce mai saurin sassautawa, batirin ƙarami, kuma a Amurka layin Sprint kaɗai aka fara ba ta. Palm ba su da kuɗin jure asara. HP suka saye su a 2010 kan dala biliyan 1.2, kowa ya ce to yanzu ga kuɗi ga fasaha. Kwamfutar hannunsu TouchPad mai webOS ta fito 1 ga Yuli 2011, ranar 18 ga Agusta aka ce an daina. Kwana 49. Yanzu webOS tana cikin talabijin ɗin LG, waɗanda suka saye ta a 2013.

N9, wayar Nokia mai MeeGo, ma haka. MeeGo haɗin Maemo ta Nokia ce da Moblin ta Intel. An nuna N9 a Yuni 2011, wata huɗu bayan an riga an ce ba a nan gaba take ba. Babu maɓalli ko ɗaya a fuskarta, ka ƙwanƙwasa allo sau biyu ta farka, ka share daga gefe ka fita daga manhaja. Fuska uku ne kawai: manhajoji, abubuwan da suka shigo, da waɗanda ke buɗe. Masu sharhi sun yabe ta ƙwarai, amma ba a sayar da ita a hukumance a Amurka da Ingila ba, jikinta kuma aka ɗauka aka zuba wa Lumia 800.

Injiniya:
A kan waɗannan biyun ba ni da ja, Yaya. Ba kasuwa ce ta yanke musu hukunci ba, a ɗakin taro aka yanke. Sai dai ban da tabbacin N9 za ta tsira ko da an tsaya mata, don shagonta ma ba shi da kaya. Yabon masu sharhi ba ya kawo manhajar banki.

Ɗan Auta:
Ba wanda ya taɓo Bada da Firefox OS. Kuma don Allah, in mutum ya samu irin su N9 ko Q10 ko Lumia yanzu, za su yi masa aikin yau da kullum?

Malamin Lissafi:
Bada ta zo da Samsung Wave a 2010, wayar tana da kyau, amma Samsung na sayar da Galaxy a gefe, don haka ba su taɓa dogara da ita ba. Daga baya aka narkar da ita cikin Tizen, ita ma ta bar wayoyi ta koma talabijin. Firefox OS ta fito a 2013 da niyyar komai ya zama shafin intanet a waya mai araha, sai dai wayoyin sun yi rauni da yawa, Mozilla suka janye a ƙarshen 2015. Daga jikinta aka samo KaiOS ta ƙananan wayoyi masu maɓallai. Ubuntu Touch kuma masu ita Canonical sun yi watsi da ita a 2017, 'yan sa-kai na UBports suka ci gaba da ita. Tsofaffin ma'aikatan MeeGo su ne suka kafa Jolla, suna yin Sailfish har yanzu.

Mai Gyara:
Ƙanena, amsar tambayarka ta biyu: don kira da tes da kyamara da waƙa, wasu za su yi, in layinka bai rufe 2G da 3G ba, don ƙasashe da yawa sun fara rufewa. Don intanet kuwa a'a. Satifiket ɗin tsaro da ke cikin burauzarsu sun tsufa, yawancin shafuka ba za su buɗe ba. WhatsApp ta bar Symbian a tsakiyar 2017, ta bar BlackBerry a ƙarshen shekarar, ta bar Windows Phone a ƙarshen 2019. Shagon Windows Phone 8.1 an rufe shi a Disamba 2019. BlackBerry kuma ranar 4 ga Janairu 2022 suka kashe hidimomin tsofaffin wayoyinsu, har suka yi gargaɗin cewa kira da tes ma ba su da tabbas. In za ka sayi Q10 ko Passport, ka tabbata an riga an wuce matakin saitin farko, kuma kada ka goge ta ka mayar da ita sabuwa, don tsallake wannan matakin yanzu aiki ne.

Wanda kuma yake da irinsu a ajiye, in batirin na cirewa ne ya cire shi ya ajiye daban. Na N8 da N9 da Lumia 800 a rufe yake cikin jiki, sai a riƙa duba su lokaci-lokaci. In ka ga bayan waya ya fara tasowa ko allo ya ɗago daga gefe, batirin ne ya kumbura, kada ka saka ta a caji.

Uwar Biyu:
Mai Gyara, Bold 9900 tawa tana nan, batirinta na cirewa ne, yau zan cire shi. Amma lambobi da hotunan da ke ciki fa, ta yaya zan kwashe su tunda hidimar ta tsaya?

Mai Gyara:
Hotuna masu sauƙi ne, Hajiya. Ki jona ta da kwamfuta da igiyar USB, ki zaɓi yanayin ma'ajiya, za ta fito kamar filash, ko ki zare katin memorin ki saka a wata na'ura. Lambobi kuma ki haɗa ta da sabuwar wayarki ta Bluetooth, a cikin zaɓin na'urar da kika haɗa akwai wurin tura lambobi gaba ɗaya. Ki yi wannan kafin ki cire batirin.